Goɗiyata tana turjewa a gaban shinge, me zan yi?

Salam jama'a, don Allah masu harkar dawaki ku taimaka min da shawara, abin ya ishe ni. Wata huɗu kenan da na saya wa ɗiyata goɗiya 'yar shekara 8 don gasar tsallake shinge, ranar da muka je gwaji a gabana ta tsallake mita 1 ko gezau, mai ita ma cewa ya yi ko yaro zai hau. To yanzu da yarinyar ta doshi shinge sai goɗiyar ta kwantar da kunnuwa, saura taku biyu ta ja birki ta zame gefen hagu, kullum hagu. Santimita 60 ma ƙi take. Abin haushin in ni na hau lafiya lau take wucewa.

Likita ya duba baya da ƙafafu, ya goge mata haƙora, na canza linzami zuwa mai laushi, sirdin ma an gyara zamansa. Mun koma jera sanduna a ƙasa tana bi da sassarfa, nan ba matsala, da an ɗaga sai a koma gidan jiya. Ni dai zargina yarinyar na jan linzami lokacin tashi saboda tsoro, shekararta 13 kuma sau biyu tana faɗowa. Bulala kam ban yarda ba.

Gasa saura sati shida, kuma a dokar FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, turjiya ta farko tarar maki 4 ce, ta biyu an fitar da kai. In ci gaba da haɗa su ko jininsu ne bai haɗu ba in nemo mata tsohon doki mai haƙuri? Wanda ya taɓa gyara irin wannan, ta ina ya fara?