Wannan tangaran na Kaka, na mene ne kuma daga ina ya fito?

Mai tambaya, daga Makka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin kayan da ku taimaka min. Muna kwashe kayan kakarmu, Allah ya jiƙanta, sai muka ciro wani tangaran a ƙasan akwati, an naɗe shi da tsohon zane. Fari ne mai ciki, da hannu biyu, an zana masa jajayen furanni, bakinsa da ruwan zinare da ya fara gogewa. Zai ci kamar lita 3. Murfin yana da 'yar tsaga a gefe guda, kuma ba fashewa ba ce, don sumul take. A gindinsa akwai hatimi: "Made in", sai wata kalma da ta goge saura "pied", sai "Japan". Mama ta ce tun tana yarinya take ganinsa a saman kabet a gidanmu na Shara Mansur, ba ta taɓa ganin an ci komai a ciki ba. Kawu kuma ya kafe wai tun zamanin Turkawa yake. Me ake yi da shi? Zan iya zuba shurba, wato miyar sha, a ciki in azumi ya zo?

Wata 'yar'uwa daga Madina:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kaka. Anya ba na turaren wuta ba ne? Tsagar nan ta fitar hayaƙi.

Wata Hajiya daga Jidda:
A'a ƙanwata, kaskon turare ramuka ne da shi a saman murfi, kuma da an taɓa sa garwashi da an ga baƙi a cikinsa. Wannan mazubin miya ne na kan tebur irin na Turawa. Tsagar wurin mariƙin ludayi ce, a rufe murfi ludayin na ciki, miya ba ta huce ba. Ba a ɗora shi a wuta, a tukunya ake dafawa a juye. 'Yata, ki sake duba akwatin, yawanci yana zuwa da ludayinsa na tangaran da faranti da ake ɗora shi a kai. Batun ba a taɓa cin abinci a ciki ba kuwa, ai haka iyayenmu suke. Kayan jere ne. Fadi-ka-mutu ai ba a ba yaro ya wanke.

Wani mai sayar da tsofaffin kaya a kasuwar Harajin Sawarik ta Jidda:
Hajiya ta gama magana kan amfaninsa. Ni hatimin zan taɓa. Kalmar da ta goge "Occupied" ce, wato an yi shi lokacin da Japan take ƙarƙashin sojojin Amurka da ƙawayenta bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mamayar ta fara a 1945 ta ƙare a 1952, kuma daga 1947 aka fara buga wannan hatimi a kayan da ake fitarwa waje. Kin ga shekarunsa sun haura 70, amma maganar Turkawa ba ta taso ba, don su tun 1916 Sharif Husaini ya fitar da su daga Makka. A gaya wa Kawu a hankali dai.

Yawancin tangaran na fitarwa a lokacin daga yankin Nagoya da Seto ake yin su. In akwai wani zane ko suna a saman rubutun, ki ɗauko hotonsa da haske sosai, shi zai nuna kamfanin. Ki haska fitilar waya daga ciki a ɗaki mai duhu: in haske ya ratso, ainihin tangaran mai kyau ne. Ki kuma ƙwanƙwasa bakinsa da farce. In ya yi ƙara siririya mai tsawo lafiyarsa lau, in ya ce "ɗuf" akwai tsaga a ɓoye.

Kuma kada wani ya ruɗe ki da farashi, ko sama ko ƙasa. An yi irinsu da yawa. Wanda ya cika da ludayi da faranti ya fi daraja.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Ɗa'if:
Anti, shurbar ce ban yarda ba. Fentin tsofaffin tangaran, musamman ja da ruwan lemo da aka zana a saman ƙyallin, yakan zo da dalma. Abu mai zafi ko mai tsami, irin tumatir da lemon tsami da tsamiya, yana jawo ta cikin abinci, kuma yara da masu juna biyu ta fi yi wa illa. Ba a gane ta da ido. In kin ga ƙananan zane-zanen tsagewa a cikinsa to ma babu zancen abinci. Ki wanke da hannu da ruwan ɗumi, ban da soson ƙarfe, ban da na'urar ɗumama abinci saboda zinaren.

Hajiya daga Jidda:
To ko dabino a zuba, da ledarsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na haska, haske ya fito. Faranti babu, amma ludayin ashe yana gidan Gwaggo, da shi take ɗiban sukari. Yanzu rigimar wa zai bar wa wani ake yi.