Malaman firamare, ya kuke yi da darasin kiɗa da waƙa?

Malamar aji huɗu, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan zangon hedimasta ya ɗora min CCA, darasin nan da manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta Najeriya, ta haɗe zane da wasan kwaikwayo da kiɗa wuri ɗaya. Zane dai da sauƙi, kiɗan ne ya tsaya min a rai, ni NCE ɗina a Hausa na yi, littafin kuma cike yake da layukan nan biyar na rubutun kiɗa da hoton fiyano, alhali ko ganga ɗaya babu a siton makaranta. Malamin da na gada rubuta ma'anar kiɗa yake a allo yara su kwafa su haddace, ranar jarrabawa su juye. Wallahi ba na son in yi musu haka. Don Allah wanda ya taɓa koyarwa ya ba mu labari.

Tsohon malami mai ritaya, Katsina:
Wa alaikumussalam 'yata. Ki ajiye littafin nan tukuna, ki fita lokacin tara ki tsaya ki ga 'yan matan ajinki suna gaɗa, ɗaya na bayarwa saura na amshi, tafi na tafiya daidai ba mai kuskure, to ai rabin abin da littafin ke son faɗa kenan. Maza kuma duk azumi suna tashe. Ni da nan nake farawa, in raba aji biyu, ɓangare ɗaya waƙa ɗaya amshi, sai in ce a sassauta, a hanzarta, a ɗaga murya, a sauke. Sai abin ya zauna musu a kunne nake kawo do re mi, wato sunayen matakan sauti.

Kayan kiɗa kuwa mu muke haɗa abinmu. Gwangwanin madara a zuba tsakuwa a toshe, ga abin kaɗawa. Ƙwarya a kife ta cikin baho mai ruwa a samu 'yan sanduna biyu, in yaro ya ɗan ɗaga ta iska ta ƙaru sai sautin ya canza, su da kansu za su tambaye ki dalili. Akwai shekarar da na roƙi makaɗin mahauta na unguwarmu ya zo da kalangu, ya saƙala shi a hammata yana matse igiyoyin yana saki, sauti na hawa yana sauka, ya rinƙa kiran sunayen yaran da kiɗa ɗaya bayan ɗaya suna miƙewa, har wani yaro da kwata-kwata ba ya magana a aji ya fito ya ce a ba shi ya gwada. Ranar suka gane kalangu karin maganar Hausa yake bi, abin da na sha bayani a allo bai shiga ba.

Malama a makarantar kuɗi, Kano:
Baba Allah ya ƙara lafiya, amma fa a wajenmu in ka shigo da makaɗi gobe ofishin hedimasta zai cika. Ni tafi da gwangwani kawai muka yi, wani uba ya zo da safe ransa a ɓace ya ce shi bai kawo ɗansa ya koyi roƙo ba, wata uwa kuma ta ce malaminsu ya hana kiɗa. Ban ga laifinsu ba, 'ya'yansu ne. Muka kai maganar taron PTA aka tsaya a kan murya da tafi kawai, baitocin kuma in rubuta su a littafin yaro iyaye su gani, na wanke hannu, na girmama iyaye, na lissafin sau. Shawarata 'yar uwa ki riga su, ki yi wa iyaye bayani tun kafin ki fara.

Mushe (malami) a lakwal (makarantar boko), Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan akasarin waƙar aji da Faransanci ake yi, yara su rera da ƙarfi ba su san me suke faɗi ba. Da aka canza taken ƙasa a watan Yuni na 2023 mu kanmu a salula muka koya, ina kunna layi ɗaya in tsayar, in fassara musu da Hausa sannan su maimaita, kuma na lura wanda ya san ma'ana ya fi saurin riƙe karin. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya mai ajiye kayan kiɗan gargajiya, da a ce ana kai malaman ƙauye can ko na sati ɗaya ne da an ga bambanci.

Malamin aji shida, Jos:
Mushe mu ma haka muka sha a Mayun 2024 da aka dawo da tsohon taken Najeriya, asambili ta koma ajin waƙa har da malamai. Makarantarmu ta mishan ce muna da gangunan fareti da 'yan sarewar roba, matsalarmu ƙara ce, malamin ajin kusa kullum sai ya leƙo, don haka na nemi a mayar min da darasin awar ƙarshe muna fita gindin mangwaro. Malamar Zariya, game da jarrabawa, masu duba makarantu sai sun ga rubutu, to ki ba su, amma makin gwajin aji ki ɗora shi a kan aiki, ki kira su biyar-biyar ki tafa wani kari su maimaita, kowa ya rera baiti ɗaya, ki sa maki nan take. Masu kunya kar ki tsayar da su su kaɗai, ki sa su cikin 'yan amshi, sai kusan ƙarshen zango ki ba su bayarwa.