Kingdom Come: in sayi na farko a PS4 ɗina, ko in sayar da ita in cika kuɗin PS5?

Telan Layi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a ba ni amsa. Ina da PS4 siririya, shekara huɗu tana hannuna, ba ta taɓa kwana a wajen mai gyara ba. Tun ranar da na ga abokina yana buga Kingdom Come: Deliverance hankalina ya koma kansa. Abin da ya kama ni, babu dodo, babu tsafi, babu mai tashi sama. Ɗan maƙeri ne kawai, Henri, a garin Skalitz na ƙasar Bohemiya a 1403, sojojin Sigismund suka ƙone garin suka kashe iyayensa yana kallo, ya tsira da ƙyar a kan doki. Ko takobi bai iya riƙewa ba.

To na biyun ya fito tun Fabrairun 2025, amma ba ya hawa PS4. Ɗinkin salla ya bar mini ɗan abin da na ajiye. Ko in sayi kaset ɗin na farko in buga a wadda nake da ita, ko in sayar da ita in cika in ɗauki PS5 ta hannu in fara da na biyu. A lura da abu uku: ba ni da kwamfuta kuma ba ni da niyyar saye, sai bayan isha'i nake rufe shago don haka awa ɗaya zuwa biyu nake samu, sannan wutar unguwarmu ba ta da alƙawari. Turancina kuma na sakandare ne.

Gwanin Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Gem irin wannan a kwamfuta ake buga shi. Ka haɗa mai kyau kawai ka huta. Ni na farkon ma kyauta na same shi a shagon gem na intanet na Epic tun 2020, ko sisi ban biya ba.

Telan Layi:
Yaya, ai na rubuta a sama ba ni da kwamfuta.

Na Bayan Aji:
Gwani ko ciwon haƙori ka kai masa, cewa zai yi ka ƙara wa kwamfutarka ram.

Sarkin Pad:
Fara da na farko, magana ta ƙare. Na biyun ci gaba ne kai tsaye, daga inda wancan ya tsaya ya ɗora. In ba ka ga yadda Henri da ɗan sarauta Hans Capon suka fara da dambe a mashaya ba, ba za ka ji komai ba in ka gan su suna tafiya fadar Trosky tare kamar wa da ƙani. Kaset ɗin kuma 18,000 na saye shi na hannu. Ka nemi Royal Edition, shi ne ke da duk ƙarin labaran.

Ɗan Maraɗi:
Ni da na biyu na fara kuma ban ɓace ba, suna ba ka labarin baya a farko. Faɗan ma ya fi sauƙin fahimta, sun rage ɓangarorin sara daga biyar zuwa huɗu. A nan jika 300 wani ya ɗauki PS5 da pad biyu.

Baban Ummi:
Tela, ƙanena, ka ce wutarku ba ta da alƙawari. To zauna in ba ka labari, don ni wannan gem ɗin ya bar mini tabo.

Ba kamar sauran gem yake ba da za ka danna sebin duk lokacin da ka ga dama. Ko ka kwanta a gadon da yake naka, ko ka sha wani abu da suke kira Saviour Schnapps, ko ka jira labarin ya kai wata gaɓa ya ajiye maka da kansa, ko ka yi sebin ka fita gaba ɗaya. Kwalbar kuma tsada gare ta a farko, lokacin da bashin mai magani da na Peshek mai injin niƙa ke kanka.

Wani daren Juma'a yara sun yi barci, na fita daga garin Rataye ba kwalba ko ɗaya a jakata. Na ce farauta kawai zan yi in dawo. Kun san baka a gem ɗin nan babu alamar saiti a tsakiyar allo, hannun Henri rawa yake, igiyar ma sai ta goge masa damtse. Sai da na zubar da kibiya ta fi ashirin kafin na kayar da barewa biyu. Ina dawowa na ga hayaƙi cikin daji, ashe sansanin Kuman ne, sojojin hayar Sigismund, mutum uku. Na laɓe a bayan itace har dare ya yi a gem ɗin, biyu suka kwanta, na lallaɓa na gama da su, na ukun muka yi sara da kariya har jinina ya kusa ƙarewa. Wallahi tafin hannuna jiƙe yake da gumi. Na kwashe sulke, kwalkwali, takobi, na loda wa dokina Pebbles sauran, ni kaina nauyi ya hana ni gudu. Awa uku cif. Ina hango katangar Rataye a kan tudu, ɗif, aka ɗauke wuta.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Ban cire soket ba, na zauna a duhu ina jira. Bayan kamar minti goma suka dawo da ita da wani irin ƙarfi, ƙwan falo ya fashe, na ji ƙauri. PS4 ta yi ƙara ɗaya ta mutu. Na kai wa wani mai gyara, ya ce kwana uku. Sati bakwai tana wajensa. Yau ya tafi ɗaurin aure, gobe kayan ba su iso daga Legas ba. Ranar da na karɓo, fankarta kamar injin markaɗe, kuma ma'ajiyar da ke ciki ba tawa ba ce, duk sebin ɗina na wata huɗu babu. Na koma ya rantse mini haka na kawo ta. 32,000 na biya a kan haka.

Yayar Gida:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Baban Ummi. Maigidana ma haka wuta ta cinye masa talabijin bara.

Sarkin Pad:
Allah ya kiyaye gaba Baba, amma a nan da laifinka. Wa ke fita daji ba kwalba? Kai da kanka za ka dafa ta a teburin haɗa magani: ruwan inabi, ganyen ƙaiƙayi ɗaya, beladona biyu. Sai dai ka fara zuwa ƙauyen Uzhitz wajen magatakarda ya koya maka karatu, don kafin nan haruffan littafin a hargitse za ka gan su. Ni da kwalba goma nake yawo.

Baban Ummi:
Kwalba goma za ta hana wuta ƙone mini na'ura? Yaro, ka karanta abin da na rubuta.

Malam Ƙarami:
Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Wannan kwalbar da kuke ta ambato giya ce fa. Henri yana buguwa in ya sha da yawa, allo yana juyawa. Ga kuma gidajen wanka da abin da ake yi a ciki, ga daren da ya yi da limamin cocin Uzhitz. Tela, in da yara a gidanku ka san lokacin da za ka kunna.

Sarkin Pad:
Malam, gaskiyarka a kan yara, ba nasu ba ne ko kaɗan. Amma yawanci zaɓi ne. A gidan wankan kana iya biyan wanki da wanka kawai ka fita, kuma dole ka yi, don in ka je gaban mai sarauta da jini da taɓo a riga, kallon banza zai yi maka, maganarka ba za ta yi nauyi ba.

Na Bayan Aji:
Gem ɗin da sai ka yi wanka kafin a saurare ka. A saya wa 'yan ɗakinmu na hostel don Allah.

Dogo Mai Waya:
Ku bar wahalar da bawan Allah. Faɗan gem ɗin nan ba ya buguwa, mutum biyu suka tare ka ka mutu. Ɓata kuɗi ne. Kuma wa ya ce 18,000? Ni 35,000 aka ce mini, shi ma sai an nemo.

Sarkin Pad:
Dogo, awa nawa ka buga?

Dogo Mai Waya:
Na kalle shi a YouTube tun daga farko har ƙarshe, kuma na taɓa a gidan gem.

Sarkin Pad:
To ka ji. Mai kallo ne yake ba mai saye shawara. Sau biyu na gama shi. Duk wanda ya ce faɗan ba ya buguwa bai je filin horo wajen Kyaftin Bernard ba. Ka tsaya a wajensa da takobin katako, ya dake ka, ka tashi, ya sake dukanka, har ya koya maka kariyar da ake mayar da sara a take. Daga ranar gem ɗin ke canjawa. Da gangan suka sa ka fara a matsayin wanda bai iya komai ba, hannunka da na Henri tare suke koyo. Tela ai ya san wannan, ba ranar da aka kai shi shago aka ba shi shadda ya yanka ba.

Dogo Mai Waya:
Gama shi sau biyu ba digiri ba ne. Shi mutumin awa ɗaya yake da ita, kai kuma ba ka da aikin yi sai pad.

Baban Ummi:
A wannan Dogo ya fi ka gaskiya. A PS4 lodin kaɗai zai ci masa wani abu daga awar. Ni da na yi asara na fi ku sanin inda yake ciwo.

Ɗan Maraɗi:
Ba wanda ya taɓo maganar Turanci. Hira ta yi yawa a ciki, kuma amsar da ka zaɓa tana da sakamako, wani aikin ma in ka yi jinkiri ya wuce ka. Ni da Faransanci nake bugawa. Ka kunna rubutun ƙasa, ka ajiye waya kusa don duba kalma. Wani abin da zai ba ka sha'awa a na biyun, akwai wani Musa daga Mali, malami kuma mai magani, a sansanin sojojin Sigismund kusa da birnin Kutenbag. Na daɗe tsaye ina jin hirarsa.

Telan Layi:
Na gode ƙwarai, wannan ya amfane ni. To nawa za a sayi PS4 ɗina yanzu? Wani ya taya 150,000.

Dogo Mai Waya:
Kar ka saki. 220,000 ake sayarwa. PS5 kuma ka tanadi 650,000.

Sarkin Pad:
Wace 650? Maƙocina 480,000 ya ɗauka watan jiya. Tela, in dai za ka saya wata rana, ka ɗauki mai cin kaset, kaset ɗin PS4 yana hawa kanta. Ka ga ko ka sayi na farkon yanzu ba ka yi asara ba.

Gwanin Kwamfuta:
Ta 480 an buɗe cikinta, ku rubuta ku ajiye. Kuma ba ku gaya masa data ba. Kaset ɗin farko yana shiga zai nemi sabuntawa ta fi giga 20. Da wannan kuɗin duka da kwamfuta ya haɗa.

Yayar Gida:
Data kam ai ita ce masifar. Na wata muke saye, kwana goma sha biyu ta ƙare, ka kira su su ce wayarka ce ke sha.

Baban Ummi:
Data da sauƙi Hajiya, ita ba ta ƙone maka kaya. Mu fa an ce an ɗaga layinmu zuwa babban rukuni, kuɗi ya ninka, wutar kuma jiya awa huɗu muka gani. Taransifomarmu ta lalace, gida-gida aka bi aka karɓi 5,000, har yau tana nan a zaune.

Ɗan Maraɗi:
Mu ma lokacin zafi haka kuran yake mana. Ni ƙaramin sola na sa da batir ɗaya, yana ɗaukar talabijin da gem har sha biyun dare.

Dogo Mai Waya:
Batir ɗaya ba zai ɗauki PS5 ba, ƙarya ne. Sai biyu da inbata mai kyau.

Ɗan Maraɗi:
Kai da ko PS5 ɗin ba ka da ita?

Telan Layi:
'Yan'uwa, mai tayin nan ya ce zuwa Asabar yake jira. Baban Ummi, sitabilaiza za ta hana irin abin da ya same ka, ko ita ma sai an haɗa da wani abu?

Baban Ummi:
Tawa a jone take ranar, ƙanena. Ita ma tana wajen wani mai gyaran tun watan Rajab.