Wai da Musulunci aka haife ni? Tambaya a kan fiɗira

Maman Biyu:

Assalamu alaikum. Shekara 9 ke nan da musuluntata. Mahaifiyata Kirista ce har yau, kuma ba ta taɓa juya mini baya ba. Makon jiya a wajen karatu na ce "lokacin da na shiga Musulunci", sai wata 'yar'uwa ta tare ni, ta ce in daina faɗin haka. Wai ba shiga na yi ba, dawowa na yi, domin kowane jariri Musulmi ake haihuwarsa, iyaye ne ke karkatar da shi. Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, amma maganar ta hana ni barci. Ni dai ban tuna wani Musulunci da na baro a baya ba. Fatiha ma sai da na yi wata biyu ina tuntuɓe a kanta kafin ta zauna. To ke nan uwata ce ta raba ni da addinina tun ina zanen goyo? Ita da take ɗora tafinta a goshina ta kwana tana addu'a idan zazzaɓi ya kama ni?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙanwata. Ta rasu tana da shekara 4, ni ina da 11. An yi mata baftisma tana jaririya, a coci aka yi mata addu'ar bankwana. Har yau ɗan takalminta ƙafa ɗaya yana cikin akwatina. Don Allah masu ilimi, ina take?

Abu Hafsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara tabbatar da ke. Maganar tana da asali. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce kowane abin haihuwa a kan fiɗira ake haihuwarsa, sai iyayensa su mayar da shi Bayahude ko Banasare ko Bamajushe. Ya buga misali da dabba: cikakkiya ake haihuwarta, kun taɓa ganin wadda ta fito da yankakken kunne? Sai Abu Huraira ya karanta aya ta 30 a Suratur Rum.

Amma ki lura, "fiɗira" hadisin ya ce. Malamai da dama sun fassara ta da Musulunci, cikinsu har da Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan hijira. Sai dai ko shi bai ce jariri ya san salla da azumi ba, tunda aya ta 78 a Suratun Nahl ta ce Allah ya fitar da mu daga cikkunan uwayenmu ba mu san komai ba. Abin da yake nufi shi ne an halicci zuciya tana karkata ga sanin Mahaliccinta da son sa, kamar yadda jariri ke laluben nono ba tare da wani ya koya masa ba. Don haka tuntuɓenki a Fatiha bai ci karo da komai ba. Karatu koyonsa ake yi. Abin da ya sa zuciyarki ta ƙi sakin gaskiya da ta ji ta, shi ne fiɗirar.

Ɗalibin Fiƙihu:

Malam Abu Hafsa, Allah ya saka da alheri, amma a bar ni in ƙara, don kada a ɗauka bakin malamai ɗaya ne. Ibn Abdil Barr, babban malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 463, bai tafi a kan cewa fiɗira a nan Musulunci ce ba. A wurinsa lafiyar halitta ce: yaro yana zuwa babu imani babu kafirci, a shirye yake ya karɓa idan ya yi hankali.

Sannan a hukuncin duniya yaro iyayensa yake bi, a gado da jana'iza da sauransu. Ki duba labarin yaron nan Bayahude da ke yi wa Annabi (SAW) hidima, wanda Anas ya ruwaito. Da ya kwanta ciwo Annabi ya je duba shi, ya zauna wajen kansa, ya ce masa ya musulunta. Yaron ya ɗaga ido ya kalli ubansa, uban ya ce ka bi Abul Ƙasim, wato Annabi (SAW), sai ya musulunta. "Ka musulunta" aka ce masa, ba a ce "ka dawo" ba. Sahabbai ma haka suke faɗa, ranar da wane ya musulunta. Ni ban ga dalilin da za a hana ki cewa kin shiga Musulunci ba, kuma gaskiya ba na jin daɗin yadda ake matsa wa sababbin musulunta a kan kalma ɗaya.

Goggo:

'Yata, maza sun yi miki bayanin kalma, bari ni in tsaya a kan ƙanwarki, don ita ce ta kawo ki. Ni ma na binne ɗa, na san yadda dare ke tsawo.

A cikin Bukhari akwai dogon hadisin Samura bin Jundub na mafarkin Annabi (SAW). Ya ga wani lambu kore shar, da wani dogon mutum a tsakiyarsa, yara sun kewaye shi da yawan da bai taɓa gani ba. Aka ce masa mutumin Annabi Ibrahim ne, yaran kuwa duk wanda ya rasu a kan fiɗira ne. Wasu sahabbai suka ce, ya Manzon Allah, har da 'ya'yan mushirikai? Ya ce har da 'ya'yan mushirikai. Ba zan ɓoye miki ba, akwai wani hadisin da aka tambaye shi a kansu ya ce Allah ne mafi sanin abin da za su aikata, shi ya sa wasu malamai suka kame bakinsu, wasu suka ce za a jarraba su ranar ƙiyama. Amma Imam Nawawi ya ce ingantacciyar magana 'yan Aljanna ne. Yarinya 'yar shekara 4, alƙalami bai hau kanta ba, ruwan da aka zuba mata kuma ba ita ta nema ba. Allah ya ce ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo.

Mahaifiyarki kuwa, kada ki bari hadisin ya sa miki ƙullinta. Abin da ta gada ta ba ki, tana ganin shi ne alheri. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi a kan uwarta da ta zo mata tana mushirika, ya ce ta sada zumunci da ita. Ki riƙe ta da kyau, ki yi ta roƙa mata shiriya.

Maman Biyu:

Goggo, na karanta sau uku, sai da na ajiye wayar na share hawaye. Malamai na gode, Allah ya biya ku. Zan ci gaba da cewa na musulunta, idan 'yar'uwar nan ta sake gyara mini zan ba ta labarin yaron da ya kalli ubansa.

Wata tambayar kuma. Mama ta san Annabi Ibrahim, tun muna ƙanana take ba mu labarinsa. Ba ta iya ambaton sunan ƙanwata sai muryarta ta karye. Ya halatta in ba ta labarin lambun nan idan na kira ta yau da dare?