Na'urar ɗumama gida ta ƙi tashi, jar fitilar bod sai ƙiftawa

Baban_Yara:
Assalamu alaikum jama'a. Na'urar ɗumama gidanmu mai aiki da gas ta tsaya, ga sanyi ya shigo da ƙarfinsa. Idan na ɗaga tamostat, wato abin saita zafin gida, ko motsi na'urar ba ta yi, sai 'yar jar fitilar da ke jikin bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa na'urar, ta riƙa ƙiftawa da sauri ba tsayawa. Takardar da ke manne a bayan murfi ta ce irin wannan ƙiftawar tana nufin an juya wayoyin wutar da ke shigowa, ko kuma at, wato wayar da ke haɗe da ƙasa, bai kama ba. Wani mai gyara ya ce min ta tarho bod ɗin ne ya mutu, a sayo sabo. Ban gamsu ba, domin lafiya lau take har makon jiya da aka yi mana aikin wayoyi a ɗakin ƙasa, aka canza makunnin da ke gefenta. Gidan na tsarin bolt 120 ne. Me kuke gani?

Uwargida_Hajiya:
Wa alaikumus salam. Baban Yara, ka fara goge sensar harshen wuta, wannan siririn ƙarfen da ke gaban bakin murhu. Tamu duk shekara sai ta yi datti, ana gogewa take komawa aiki.

Mai_Gyaran_Wuta:
Hajiya, a yi min afuwa, wannan ba ta sensa ba ce. Mai dattin sensa tana kunnawa, wuta ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Tasa ko yunƙuri ba ta yi.

Malam, kada ka sayi bod. Bod ɗin da ya iya gaya maka abin da ke damunsa ai da ransa. Ga yadda abin yake: bod na gane akwai harshen wuta ne ta hanyar tura ɗan lantarki cikin sensar, ya ratsa ta cikin harshen wutar ya koma ta jikin ƙarfen na'urar. Abin bai wuce 'yan maikro'amp ba, wato lantarki ɗan mitsitsi, shi ya sa sai layif (waya mai kawo wuta) da nutural (waya mai mayar da ita) na kan gurbinsu, at kuma ya kama gam. Fanka ko ƙwan fitila ba ruwansu da juyin waya, za su yi aikinsu, amma bod da yawa da sun ga an juya sai su ƙi buɗe gas gaba ɗaya.

A tsarin Amurka da Kanada baƙar waya ce layif, fara nutural, koriya ko tsurar tagulla at. Da mita: baƙa zuwa at ya kamata ka ga kusan 120, fara zuwa at kusan sifili. In ka ga akasin haka, an juya. In kuma baƙa zuwa fara ta ba da 120 amma baƙa zuwa at ba ta ba da komai ba, at ne ya katse.

Abin da ya fi damuna shi ne makunnin nan. In juyin ya faru kafin a iso gare shi, to nutural yake yankewa, kenan ko ka kashe shi akwai wuta a cikin na'urar. Daga bureka, wato makunnin layin da ke babban akwatin wutar gida, za ka kashe kafin ka taɓa kowace waya, ka kuma gwada da mita. In hannunka bai saba ba, kira wanda ya yi aikin ya dawo, ai haƙƙinka ne.

Ɗan_Makwabta:
Ƙari kaɗan, Yallabai: da ka cire murfi akwai maɓallin ƙofa da ke yanke wutar bod, kada ka ga fitila ta mutu ka ɗauka wani sabon abu ne ya lalace. Ka leƙa ƙaramin fiyus ɗin bod ma, irin na mota, yawanci amp 3 ko 5. Yana kare ɓangaren bolt 24 na tamostat. In ka ji warin gas kuwa, ku fita waje kawai ku kira kamfanin gas.

Baban_Yara:
Allah Ya saka da alheri. Mai aikin ya dawo ya auna a gabana: fara zuwa at 121, baƙa sifili. A akwatin haɗin da ke silin aka juya su. Ya mayar, fitila ta tsaya cak, na'ura ta tashi. Fiyus lafiyarsa ƙalau. Malam Mai Gyara, soket biyu da ya sa ranar a layi ɗaya suke, su ma a auna su ko?

Mai_Gyaran_Wuta:
Ƙwarai, duka biyun, da duk abin da ya biyo bayan wannan akwatin.