Kora ce ko sallama?

Ɗan Manhaja: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau sai na faɗa ko da za a ce na cika ƙorafi, don abin ya tsaya min a wuya. Shekara 4 ina aiki a wani kamfanin fasaha, ba zan kama suna ba, mu ne kwana a gaban kwamfuta idan manhaja ta tsaya cikin dare, mu ne aikin ranar hutu, kullum oga yana ce mana mu iyali ɗaya ne. Jiya da safe na buɗe kwamfutar aiki ta ƙi karɓar lambar sirrina, har ina ta kashe intanet ina kunnawa na zata matsalar daga wajena take, ashe an kore mu ne mu da yawa, saƙon yana kwance a imel ɗina tun ƙarfe 3 na dare. Manajan da kullum muke tare ko kira bai yi ba. Da yamma kuma oga ya fito wai shi ya ɗauki alhakin komai. Wane alhaki? Kujerarsa na nan, albashinsa na nan, mu ne a waje. Ni dai maganata ɗaya, ba a sanin shugaban kamfani sai ranar da zai rage mutane, kuma duk wanda ya ce ya ɗauki alhaki alhali ko sisi bai ragu daga aljihunsa ba maƙaryaci ne. Mai ja ya zo.

Ƙanwarku: Innalillahi. Sannu Yaya, Allah ya musanya maka da mafi alheri.

Malam Nahawu: Amin. Amma ɗan uwa gyara kaɗan, ba korarka aka yi ba, sallamarka aka yi. Kora sai da laifi, wanda ya yi sata ko ya ƙi zuwa aiki shi ake kora. Kai rage ma'aikata aka yi ya rutsa da kai. Kar ka ɓata wa kanka suna da bakinka.

Ɗan Ƙwadago: Haba Malam. Mutum ya wayi gari an rufe masa ƙofa kai kuma nahawu ne ya dame ka? Sallama ai ita ce a kira ka, a zauna da kai, a yi maka godiya a raka ka bakin ƙofa. Wanda aka toshe wa kwamfuta yana barci kora ce wlh, ko kare ba a yi masa haka.

Malam Nahawu: Ni ban ce an kyauta ba. Cewa na yi kalma tana da ma'ana.

Hajiyar Ofis: Malam yana da gaskiya kuma ba nahawu ba ne kawai. Ni a sashen kula da ma'aikata nake, bambancin yana da nauyi sosai a takarda. Wanda aka rage yana samun kuɗin sallama, wanda aka kora da laifi sau da yawa ba ya samun komai, kuma gobe idan ya je neman wani aikin tambayar farko ita ce me ya raba ka da wancan wurin. A Amurka ma akwai doka tun 1988 da ta ce kamfani mai ma'aikata 100 ko fiye sai ya ba da notis na kwana 60 kafin ya rage mutane da yawa lokaci guda, shi ya sa za ka ga an rufe wa mutum kwamfuta yau amma albashinsa yana ci gaba da shiga wata biyu. Ƙanina idan ka je intabiyu kar ka kuskura ka ce an kore ka.

Ɗan Ƙwadago: Ai dama. Ku ne masu rubuta wasiƙar ƙarfe 3 na dare Hajiya, dole ki nemo mata suna mai daɗi.

Hajiyar Ofis: Ka iya bakinka. Mu ma ana rage mu, sau da yawa ma masu ɗaukar ma'aikata su ake fara cirewa don in an daina ɗauka ba su da aiki. Kuma toshe kwamfutar nan ba mugunta ba ce, mutum yana riƙe da bayanan dubban jama'a, ka gaya masa yau ka bar masa mabuɗi har gobe cikin fushi?

Ɗan Ƙwadago: Wato shekara 4 amintacce ne, dare ɗaya ya zama ɓarawo. To ashe kora ce tunda ana zarginsa. Malam ka ji, ga laifin da kake nema.

Malam Nahawu: Zargi daban laifi daban.

Ɗan Manhaja: Jama'a ni fa maganar oga na kawo, maganar ɗaukar alhaki. Ku kira shi duk sunan da kuka ga dama.

Tsohon Injiniya: Bari in taimaka wa yaron nan tunda an bar maganarsa. Wannan kalma ta ɗaukar alhaki ba ogansa ne ya ƙirƙiro ta ba. A Nuwamba 2022 Meta, kamfanin da ke da Facebook, ta rage mutum 11,000, shugabanta Zuckerberg ya ce shi ya yi kuskuren lissafi kuma ya ɗauki alhaki, da Maris ta zo ya sanar da ƙarin 10,000. A Janairu 2023 Google ta rage 12,000, shugabanta Sundar Pichai shi ma ya ce alhakin na wuyansa, bayan wata uku takardun kamfanin suka nuna abin da aka ba shi na 2022 ya kai kusan dala miliyan 226, yawanci hannun jari. Dukkansu sun ɗebi mutane ba lissafi lokacin korona suna zaton kasuwar intanet haka za ta dore, da ta lafa sai waɗanda aka ɗeba suka biya kuɗin kuskuren. Wanda na san ya taɓa aljihunsa shi ne marigayi Satoru Iwata, shugaban kamfanin wasannin bidiyo na Nintendo, a 2014 da na'urar wasansu Wii U ta ƙi kasuwa ya raba albashinsa biyu. To shi in ya ce ya ɗauki alhaki sai in yarda.

Masoyin Roka: Duk wannan surutu ne Baba. Elon Musk ya sayi Twitter dala biliyan 44, cikin mako guda ya cire rabin ma'aikata, daga baya da bakinsa ya gaya wa BBC sun koma kusan 1,500 daga kusan 8,000, aka yi ta cewa gobe za ta mutu, jibi za ta mutu, ga ta nan har yau muna shiga ko da an sauya mata suna zuwa X. Kenan sauran zaman kashe wando suke yi. Shi bai yi muku kukan munafunci ba, ya kora kuma ya ce ya kora, namiji kenan.

Malam Nahawu: Shi ma sallama ce a ƙa'ida.

Masoyin Roka: Malam don Allah ka bar mu mu sha iska.

Ƙanwarku: Namiji? Ka tambayi ma'aikatan Twitter na ofishin Accra, kwana kaɗan da buɗe musu ofis aka cire su, suka fi shekara suna bin haƙƙinsu da lauyoyi. Ku dai in mutum yana da kuɗi ko mari ya yi muku sai ku ce hannunsa da laushi.

Masoyin Roka: Ke me kika sani a harkar fasaha? Ki bari masu abin su yi magana.

Ƙanwarku: Shekara 6 ina gwajin manhaja kafin a sake ta. Kai fa, ban da sauya hoton furofayil zuwa roka me ka taɓa ginawa?

Masoyin Roka: Hassada dai. Mutumin da yake dawo da roka ta sauka a tsaye ku ne za ku koya masa shugabanci.

Ɗan Ƙwadago: Roka ta sauka lafiya, ma'aikaci ya faɗo da ka hhhh.

Shugaban Zaure: A kiyaye harshe don Allah, nan ba filin dambe ba ne. A koma kan batu.

Kawu: Wane batu kuma? Ni abin da na gani yaran yanzu kun manta arziki na Allah ne. Rabonka a wurin ya ƙare shi kenan, ko kora ko sallama sanadi ne. Kuma wa ya ce ka yarda da maganar iyali tun farko? Uba yana cire ɗansa daga gida don ribar bana ba ta kai ta bara ba?

Ɗan Ƙwadago: Kawu ƙaddara gaskiya ce amma ba ta wanke azzalumi. Kuma kai ma ka ce "ko kora", ka gani.

Hajiyar Ofis: Maganar iyali kam ni ma ba na son ta, na sha faɗa a mitin. Amma ku daina yi wa kowa kuɗin goro. A Mayu 2020 Airbnb, kamfanin hayar masauki ta intanet, ta rage kusan mutum 1,900, kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatanta, shugaban ya rubuta dalili filla-filla, aka ba su albashin mako 14, aka bar musu kwamfutocinsu, har kamfanin ya buɗe shafi yana tallata su ga masu neman ma'aikata. Ka haɗa wannan da shugaban Better.com, wani kamfanin bashin sayen gida a Amurka, da ya tara mutum 900 a Zoom a Disamba 2021 ya gama da su cikin 'yan mintuna. Na farko sallama, na biyu ko ni zan ce kora ce.

Ɗan Ƙwadago: Alhamdulillah! Hajiya ta sauko. Malam saura kai.

Hajiyar Ofis: Ban sauko ko'ina ba, a takarda duk biyun rage ma'aikata ne.

Malam Nahawu: Kun ji ko. A takarda.

Ɗan Manhaja: Ni dai daren nan zan shiga Glassdoor, shafin da ma'aikata ke ba kamfanoni maki, in ba su tauraro ɗaya in rubuta komai, a inda ake tambaya ko ka gamsu da shugaban kamfani in danna a'a da ƙarfi.

Hajiyar Ofis: Tsaya ƙanina. Ka sa hannu a takardar kuɗin sallama? Ka karanta ta da kyau tukuna, da yawa akwai sharaɗin ba za ka ɓata sunan kamfani ba. Kuma ko ba a sa sunanka ba, in ka rubuta shekara 4 da sashenka da ƙarfe 3 na dare ai ka sa hannu.

Ɗan Ƙwadago: Kun gani? Kuɗin toshiyar baki sunansa kuɗin sallama. Shi ya sa ba na yarda da taurarin can, wanda aka cuta an ɗaure masa baki, wanda ke ciki kuma manaja ne ke cewa ya je ya rubuta yabo.

Masoyin Roka: Masu rubutu a can duk ragwaye ne da aka kora.

Malam Nahawu: Aka sallama.

Ƙanwarku: Malam Allah ya shirye ka 😂

Shugaban Zaure: To dare ya yi, bari in taƙaita kafin in rufe. Abin da na fahimta yawancin 'yan zaure sun yarda sallama aka yi wa ɗan uwanmu, kamar yadda Malam da Hajiya suka yi bayani da hujja. An kuma nuna cewa rage ma'aikata wani lokaci dole ne, har manyan kamfanoni irin Google da Meta sun yi, kuma Twitter ba ta mutu ba. Ni da nake da ma'aikata 9 a ƙarƙashina na san yadda shugaba yake kwana bai runtsa ba kafin ya yanke irin wannan hukunci, wanda bai taɓa biyan albashi a ƙarshen wata ba ba zai gane ba. Shawarar zaure ita ce ɗan uwanmu ya yi haƙuri, ya bar maganar Glassdoor, ya gyara takardunsa ya nemi wani aikin. Masu zafin kai kuma a rage.

Tsohon Injiniya: Ranka ya daɗe, a ina ka bar Iwata?

Ɗan Ƙwadago: Yawanci su wa? Na ƙirga, mutum biyu ne, ɗayan ma ta ce kora ce a Zoom.

Ɗan Manhaja: Manajan ya turo min saƙo yanzu. Wai yaushe zan dawo da kwamfutar.

Shugaban Zaure: An rufe. Sai da safe.