Rajistar ƙungiyar 'yan jarida ta cije a kan sunan amintacce ɗaya

Assalamu alaikum, manyanmu a wannan aiki. 'Yan jarida masu zaman kansu a Kano, waɗanda ba su da albashin gidan rediyo ko jarida, na son kafa asusun taimakon juna don rashin lafiya da kuɗin lauya idan an kama ɗan'uwa. Banki ba ya buɗe asusu da sunan ƙungiya sai da takardar rajista, shi ya sa aka nufi CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020.

An keɓe sunan ƙungiyar, an rubuta kundin tsari, an buga sanarwa a jaridu biyu, kwana 28 na jiran ƙorafi ma sun cika. Sai aka gano kuskure daga wajenmu: a sanarwar an rubuta sunan wani amintacce (trustee, wato ɗaya daga cikin wakilan ƙungiyar a rajistar) da "Mohammed", a NIN ɗinsa kuwa "Muhammad" ne.

To, rantsuwar kotu za ta wadatar, ko sai an sake buga sanarwar a sake ƙirga kwana 28? Kuɗin tallan ba wasa ba ne. Idan kuma aka cire amintaccen aka sa wani, duk ɗaya ne?

Sannan ga 'yan NUJ, ƙungiyar 'yan jarida ta Najeriya, a cikinmu: zama amintacce a nan zai ci karo da kundinta?